Babi na Bakwai: Dokin Kara

Kwana 10 da kama azumin 2025, wani ƙanena da ke noma a wajen Madobi ya aiko mini da damin kara a bayan a-daidaita-sahu. Tun lokacin girbi na roƙe shi, na ce in an yanke dawa ya ware mini masu kauri ya jingine su a inuwa, kada ya bari masu tuyar ƙosai su kwashe. Da aka sauke damin a ƙofar gida, jikana na wajen babbar 'yata, wanda muke kira Abba saboda sunan mahaifina ya ci, ya zagaya shi sau biyu, ya zaro guda ɗaya ya gatsa, ya tofar. Ya ce, "Kaka, wannan raken ya bushe."

Shekararsa 8. Haifaffen cikin birni ne, gidanmu bai fi tafiyar minti 5 daga Ƙofar Ɗan Agundi ba. Yana cin tuwon dawa, yana shan kununta, amma bai taɓa riƙe karan da ya ɗauko zangarniyar ba. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Muna yara, da ka fita ƙofar nan ba ka yin nisa sai ka faɗa gonaki, har ma a cikin ganuwa akwai filayen da ake shuka. Yau in ka tsaya a bakin ƙofar, titin BUK ne a gabanka da motoci ba ƙaƙƙautawa, ga wayoyin tashar wutar lantarki, ga gidaje iya ganinka. Ganuwar da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta tun kafin shekarar 1134, ita kanta ta zaizaye, wani wurin sai tsibin jar ƙasa. To ina yaro zai ga kara?

A da kuwa kara shi ne kantin kayan wasan ɗan Bahaushe. Abu biyu ne a jiki ɗaya, ɓawo a waje, totuwa a ciki. Ɓawon yana da tauri da santsi. In an feƙe shi siriri ya zama ƙusa, in an jiƙa shi ya lanƙwasu ya zama ƙafar mota. Totuwa fara ce mai laushi, duk abin da aka soka mata sai ta riƙe. A nan ilimin ya tattara: totuwa ce jiki, ɓawo ne mahaɗi, ba guduma ba gam. Da wannan muka ƙera mota mai ƙofa da ke buɗewa, da jirgin sama, da tabarau, da keji. 'Yan mata kan zo su sa mu yi musu gadon 'yar tsana, ita 'yar tsanar kuwa ƙashin ƙafar ragon layya ce da aka yi wa kitso da baƙin zare. Wanda ya ɗan tasa sai ya bar kara ya koma motar gwangwani da ta langa-langa. Amma sarkin duka shi ne dokin kara, domin shi kaɗai ake hawa, shi kaɗai ake yi wa ado, shi kaɗai ne kuma ake fita da shi unguwa ranar Sallah ana kwaikwayon hakimai, har da sarki da dogarai da mai laima.

Shi na yi niyyar mu yi da Abba: babba guda ɗaya na hawa, da ƙanana na totuwa waɗanda za mu jera a zaure su zama adon Sallah.

Wannan aiki na kaka ne, kuma al'adarmu ce ta ɗora masa shi. Uba Bahaushe akwai kunya tsakaninsa da ɗansa, balle ɗan fari wanda ko sunansa ba a faɗa. Ba ya zama a tabarma ɗaya da shi ana fira, ga shi ya fita nema tun safe. Uwa tana fama da tukunya da goyo. Kaka kuwa an ɗauke masa wannan shamaki. Jika namiji abokinsa ne, mace amaryarsa ce, tsohuwa ta kira jikanta mai gida, ta kira jikanyarta kishiya, a yi ta tsokanar juna ba mai jin haushi. Mutane na ɗaukar wannan raha ce kawai. Ni ina ganin hanya ce da magabata suka buɗe domin abin da tsoho ya sani ya gangara zuwa ga yaro ba tare da tsoro ya tsaya a tsakani ba. Yaron da zai yi shiru in ubansa ya gyara masa riƙon wuƙa, zai dubi kakansa ya ce, "Ai ba haka ba ne, kawo ka gani." Wanda ya iya musu da malaminsa a kan aiki, ya kama hanyar iyawa.

Ranar farko ba mu ƙera komai ba, zaɓe muka yi. Na baza karan a tsakar gida bayan la'asar, na faɗa masa abin da ake dubawa. Na dawa ake so, ƙaura ko farfara, domin su ne dogaye masu cikar totuwa. Na gero ya cika sirantaka, na masara gautsi gare shi. A duba gaɓa, wadda ta fi tsawo ta fi ba da ɓawo mai kyau. Karan da ruwa ko raɓa ta kwana a kansa yakan yi ɗige-ɗigen baƙi, in ka tsaga ka tarar da cikin ya yi duhu yana marmashewa. In ka ga 'yar ƙaramar huda a jikin gaɓa, tsutsa ta riga ka shiga. Sai kuma gwajin farce: ka danna totuwar, in ta lotsa ta tsaya da ƙarfinta mai kyau ce, in ta zube kamar gari a kai murhu. Na ce ya ware da kansa. Cikin guda 40 ya ware 25. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙa masa waɗanda ban yarda da su ba, ban ce komai ba, sai ya juya ya juya har ya gano aibin da idonsa. Guda 2 ya ƙi yarda, ya ce lafiyarsu ƙalau. Na bar masa. Ɗaya ya karye a hannunsa washegari, ɗayan kuwa shi ne ya zama ƙashin bayan dokin, har yau yana nan.

Kayan ado sai Kurmi. Asabar da hantsi muka bi ta Ƙofar Kudu, muka wuce Gidan Makama da babban masallaci, muka gangara kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa. Na so ya fara ganin na gaske kafin ya yi kwaikwayo, saboda haka rumfunan kayan doki muka fara zuwa. Mai rumfar, dattijo ne sa'ana, da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ajiye carbinsa ya shiga ɗaga kaya yana faɗa wa yaron sunayensu. Ga zubuka da ake fara shimfiɗawa a bayan doki, ga sirdi, ga majayi da ke ɗaure shi ta ciki, ga jalala mai aikin zare da ake lulluɓawa, ga likkafa, ga linzami da ragama, ga ɗan ƙirji, ga kalfazuru na kai, ga layu da ake jerawa a wuya. Ya nuna masa lifidi, ya sa shi ya ɗaga don ya ji nauyin audugar da ke ciki. Abba ya sha ganin hawa daga kafaɗar kawunsa, amma duk abin da ke jikin doki suna ɗaya yake ba shi, wato kwalliya. Ranar ya dawo gida da kalmomi fiye da 10, yana ta maimaita wa kakarsa.

Daga nan sai layin dukawa. Ga mai neman kayan aikin yara, abin da ya kamata ya tambaya shi ne ragowar yanka, 'yan guntayen fatar da ke zuba ƙarƙashin baduku in yana fitar da jaka ko takalmi ko titimi. Ba su isa komai a wurinsa ba, ga dokin kara kuwa tafin hannu guda ya isa sirdi. Na nuna wa Abba yadda ake rabe fata da roba mai kama da fata, wadda ta cika kasuwa yanzu. Ka juya bayanta: ta gaske tana da gashi-gashi mai laushi, ta roba yadi ne aka manna. Ka sansana: ta gaske tana ɗauke da warin jima, wato bagaruwar da majema ke jiƙa ta a ciki. Sannan launi. Jan da aka rina da karan dafi ja ne mai nutsuwa, ya shiga jikin fatar, na galura kuwa yakan yi tsawa a ido. Da na ce masa karan dafi ma wani irin dawa ne, wanda ba don ƙwayarsa ake shuka shi ba sai don jan da ke jikin kubensa, sai ya tsaya ya dube ni. Dokin kara, sirdinsa ma kara ne ya rina shi.

Wannan jar fatar akuya ita ce ayari ya yi ɗaruruwan shekaru yana ƙetare Sahara da ita, har ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko, alhali da yawanta daga Kano da Sakkwato ta taso. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammiyar fata cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa, bayan tufafin saƙi da rini. Ban tsaya yi wa yaro wannan dogon bayani a tsakiyar kasuwa ba. Na dai sa shi ya durƙusa ya gaida badukun, ya zaɓi guntayensa da kansa, ya tambayi kuɗi da bakinsa. Badukun ya ce, "Haba Malam, wannan ai ba na sayarwa ba ne, a ba yaro." Na ce a'a, a bar shi ya taya. Ya taya, aka ce albarka, ya waiwayo yana neman agaji, na kau da kai. Ya ƙara, aka sallama, aka yi masa gyara da ɗan ƙyallen tsanwar fata. Wannan tsanwar ya fi ƙauna a duk kayan, ita ya ajiye wa goshin doki.

Sauran kayan ba su da wuya. Ƙyallaye a wurin telan unguwa muka samo, kuma azumi ne lokacinsu, domin ɗinkin Sallah ya sa ƙarƙashin kowane keke ya cika da guntayen shadda da atamfa da leshi. Muka sayi zaren ulu kala 3 don geza da tuntu, da babbar allura, da 'yan duwatsun ado na roba, da ƙaro, wanda in an jiƙa shi ya kwana yakan yi danƙon da ya ishi takarda da ƙyalle, shi ne dai wanda almajirai ke sa wa tawada. Duk abin da na kashe bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

A hanyar fita muka bi ta gaban masu kayan wasan Sallah: bindigar roba, tabarau mai walƙiya, balan-balan, da wani doki mai batir da ke kaɗa kai yana kiɗa. Abba ya tsaya ya daɗe. Ban ja shi ba, ban kuma kushe dokin ba, domin kyakkyawa ne, kuma da a zamaninmu aka kawo shi da mun bi shi da gudu. Na ce masa in mun gama namu yana so har yanzu, zan saya masa da kuɗin barka da Sallah.

Irin waɗannan kaya galibinsu daga Sin suke zuwa, kuma ba mu kaɗai suka mamaye ba. Akwai birnin Yiwu a lardin Zhejiang, wanda 'yan kasuwar Kano da yawa sun san hanyarsa. An ƙiyasta cewa fiye da rabin kayan adon Kirsimeti na duniya daga can suke fitowa, kuma can ɗin dai ake ƙera fitilu da jinjirin wata na adon azumi. A Masar, inda fitilar azumi ta gwangwani da gilashi ke da tsohon tarihi, ta roba mai batir ta kusa kashe kasuwar maƙeran Alƙahira, har gwamnati ta hana shigo da ita a 2015. Ni ban kai ga neman a hana komai ba. Almakashina da allurata da zaren ulun nan, wataƙila jirgi ɗaya ne ya kawo su da dokin batir. Abin da nake rarrabewa shi ne kayan da aka gama da kayan da ba a gama ba. Dokin batir an gama shi tun a can. Abin da ya rage wa yaro shi ne ya danna, ya kalla, ya fasa don ya ga cikinsa. Zare da fata da kara kuwa jiran hannu suke yi. In za ka kashe kuɗi a kan jika, kashe a kan abin da ke jiran hannunsa.

Dabarar ƙananan dawakin da za a rataye ba tawa ba ce. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare, na yi aiki da wata malama Bahaushiya Kirista 'yar Wusasa, garin nan na gefen Zariya da mishan suka koma a 1929. Duk Disamba, daidai lokacin da an gama girbi kara ya wadata, takan roƙi yaran da ke zuwa daga ƙauye su kawo mata sille, wato siririn ƙarshen kara na sama. Da shi take haɗa taurari tare da jikokinta. Sille 5 daidai wa daida, a sassoke su da ɓawo, a naɗe da takardar alawa mai ƙyalli, a sa zare a rataye a falo da ƙofar ɗaki. Ta ce mini haka kakarta ta yi da ita, kuma kowace shekara takan ajiye guda ɗaya daga hannun kowane jika a cikin wani gwangwanin biskit, ta rubuta shekarar a jiki. Daga baya na karanta cewa a Jamus ma, kafin ƙwallayen gilashin garin Lauscha su bazu a ƙarni na 19, da tuffa da gyaɗar Turawa da takarda ake ado, kuma har yau suna saƙa taurari da karan alkama. A Suwidin bunsuru suke ɗaurewa da shi, har garin Gävle na kafa wani ƙato a dandali kowace shekara tun 1966. Manomi ko'ina yake, abin da gona ta bari bayan girbi da shi yake yi wa idinsa ado. Su nasu idin yana tsaye a bayan girbi. Namu yana zagayawa, kowace shekara yana matsowa da kamar kwana 11, saboda haka wanda ke son kara a Sallar da ta faɗo cikin damina sai ya tanada tun rani, ya ɗora a rufin da ba ya yoyo, nesa da gara.

Aikin ya ɗauke mu dare 9, kullum bayan an sauko daga asham. Babban dokin, kara 3 muka haɗa muka naɗe da tsumma don ya yi ƙarfi. Kan kuwa kwali muka yanka gida biyu, muka cusa tsumma a tsakiya, muka lulluɓe da farar shadda. Yanka da reza nawa ne, shi nasa almakashi da allura da ɗauri. Ko da haka sai da ya yanke a dare na biyu, kuma ba ƙarfe ne ya yanke shi ba, ɓawon karan ne, domin gefensa in an tsage shi kaifi gare shi kamar aska. Na wanke masa da ruwa da sabulu, na ɗaure, na nuna masa yadda ake jan ɓawo ana nesa da yatsa. Duk wanda ya yi wasan kara yana da wannan tabo. Abin da ban yarda ya kusanci tabarmar ba shi ne gam ɗin nan mai kamawa nan take, wanda ke manne yatsu, in ya shiga ido kuwa sai asibiti. Duwatsun ado ma a kwalba mai murfi muka zuba su saboda ƙanwarsa mai rarrafe, wadda komai ta samu baki take kaiwa. Haka nan ƙaramin batir mai kama da maɓalli da ke cikin kayan wasa masu walƙiya, in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i; duk gidan da ke da ƙanana ya kula da wannan.

A dare na biyar na yi kuskuren da nake so mai karatu ya guje masa. Abba ya ɗinka jalala, ɗinkin ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da ya yi barci sai na farke na sake ɗinkawa daidai. Da safe ya ɗauka ya duba, ya ajiye, bai ce uffan ba. Da dare na shimfiɗa tabarma ya ƙi zuwa. Kakarsa ce ta same ni ta ce, "Malam, dokin naka ne ko nasa?" Na je na same shi na ba shi haƙuri, na farke nawa a gabansa, na miƙa masa allura. Ya sake ɗinkawa, ya sake karkacewa, amma bai kai na farko ba. Haka jalalar take har yau. Babba in ya zauna aiki da yaro, hannunsa ƙaiƙayi yake yi, yana so abin ya fito yadda za a yaba. In ka biye wa wannan ƙaiƙayi za ka samu doki mai kyau, yaron kuma ya koyi cewa aikinsa ba ya tsayawa sai an gyara a bayansa.

Wani maƙwabcina mai karatu ya shigo zaure ya tarar da ƙananan dawakin a jere, ya tambaye ni cikin ladabi ko ban ji tsoron hukuncin sura ba. Tambaya ce mai kyau, ban raina ta ba. Na tuna masa hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga kayan wasan Nana A'isha, a cikinsu har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya bai hana ta ba. A kan wannan da makamancinsa malamai da yawa suka yi rangwame a kayan wasan yara. Ya ce haka ne. Abba na gefe yana ji. Washegari na tarar ya soka wa ɗaya daga cikin dawakin fukafukai na guntun leshi.

Abin da ke ci mini rai shi ne makaranta ta saki wannan fanni, kuma ina cikin waɗanda aka saki abin a hannunsu. Makarantar boko ta farko da gwamnati ta buɗe a Arewa, wadda Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya kafa a Nassarawa a 1909, tana da sashen sana'a, inda gwanayen gari ke koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa da ɗinki. Mu ma da muka shiga firamare akwai darasin aikin hannu, kowa ya zo da abin da ya yi: igiyar rama, mafici, faifai, tukunyar yumɓu. Kafin in yi ritaya na ga yadda abin ya koma. Ranar aikin hannu sai yaro ya zo da tsintsiyar da uwarsa ta saya, daga baya ma aka ce a kawo sabulu ko kuɗi, a rubuta masa maki. Mun koya wa yara cewa aikin hannu abu ne da ake saye. Yanzu muna kukan matasa ba su da sana'a, dukawan Kurmi kuma suna kukan ba magada. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, muka yi ta murna. Amma hawa ba doki da mahayi kaɗai ba ne. Bayan kowane hakimi akwai baduku da maƙeri da maɗinki da marini, kuma babu ɗayansu da ya fara da kayan sarki. Da guntun fata suka fara, a gefen wani tsoho.

Ana saura kwana 2 Sallah aka sanar cewa an dakatar da hawa a Kano, kamar yadda aka yi a Babbar Sallar 2024. Ba Hawan Daushe, ba na Nassarawa. Yaran unguwa suka yi tsuru-tsuru, domin da yawansu saboda shi suke ƙirga kwanakin azumi. A daren nan yara 4 suka yi sallama a zaurena suna tambaya ko akwai sauran kara. Akwai. Ban tashi daga inda nake ba, na ce su tambayi Abba. Ina ji yana ce musu a duba huda, a danna farce, a ja ɓawo nesa da yatsa.

Ranar Lahadi 30 ga Maris, bayan an sauko daga idi an ci tuwo, dawaki 5 suka fito daga lungunmu. Na Abba ne a gaba, da tsanwar fata a goshi da jalalarsa a karkace, wani yaro na biye da shi da tsohuwar laimar kakarsa, wani na dukan galan. Suka je har bakin Ƙofar Ɗan Agundi suka juyo, suka zo ƙofar gida a guje suka yi mini jinjina, mata na leƙe ta soro suna guɗa. Da yamma na tuna masa alkawarin dokin batir. Ya ce a bar shi, a sayo masa zaren ulu baƙi da wata allurar, domin dokin abokinsa ba shi da geza.

Ƙananan dawakin sun yi mako 2 a rataye a zaure. Da muka sauke su na ɗauki mai fukafukan na sa a gwangwani, na rubuta 2025 a jikin murfin. Na kuma aika wa ƙanena a Madobi cewa bana dami 2 nake so.